Abin da ke cikin filashin mai gyara

Kwamfutar da ke kan tebur a shagon buga takardu na Ƙaraye ko na Rogo ta sha tafiya kafin ta iso. Galibi ta gama aiki ne a wani ofishi a Turai ko Amurka, aka kwaso ta cikin kayan gwanjo, ta sauka Legas, ta ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta hauro Kano inda ake baje irinta a titin Beirut da Farm Centre. A wani zango na wannan tafiya, wani mai gyara ya zaro filashi daga aljihu, ya yi mata format, ya ɗora mata Windows. Mai saye yana tsaye za a ce masa, "Alhaji, an sa maka komai, da Office da Corel, ba sai ka sake biyan ko sisi ba." Ya biya kuɗin aiki ya hau mota. Ba a cika tambayar wanda ya haɗa wannan Windows ɗin ba, kuma ko an tambaya, shi kansa mai gyaran sau da yawa ba shi da amsa. A wurin maigidansa ya kwafa, maigidan ya samu a wurin wani abokin sana'a, shi kuma ya sauko da shi daga wani lungu na intanet tun shekarun baya.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana zuwa ne a dunƙule cikin fayil guda mai girma, wanda masu gyara ke kira ISO. Shi ake zubawa a filashi a girka. Kamfanin Microsoft yana ajiye nasa na asali a shafinsa, kowa na iya saukewa ba tare da biya ba. Lasisin amfani ne ake saye. To amma akwai mutane a sassan duniya da suka ƙware wajen farke wannan fayil da kayan aiki irin su NTLite, su cire abin da suka ga dama, su cusa abin da suka ga dama, su ɗinke shi su raɗa masa suna. Waɗanda suka yi zamanin XP za su tuna Black Edition. Sunayen da ke yawo yau su ne Ghost Spectre da Tiny10 da Tiny11, da tarin wasu masu laƙabin Lite ko Superlite. Alkawarinsu iri ɗaya ne: ba nauyi, ba sabuntawa mai cin data, ba neman lasisi.

Ba na cikin masu ganin rashin wayewa ce ke kai mutane ga waɗannan. Dalilansu masu ƙarfi ne, kuma duk wanda ya raina su bai san yadda ake sana'a a karkarar Kano ba. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 aƙalla, da ma'aji na gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a injinan Intel bai cika karɓar abin da ya gaza zubi na takwas ba, wato na wajajen 2017 zuwa sama. Kwamfutocin da kuɗin talaka ke iya kaiwa gare su da yawa sun girmi haka. Tiny11 kuwa, da ya fito a farkon 2023, an nuna yana tashi a kan ƙwaƙwalwa gigabait 2 da ma'aji wajen gigabait 8. Ga kuma farashi. Microsoft na sayar da lasisin Windows 11 Home dala 139, wanda a canjin 2025 ya haura naira dubu 200, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Fayil ɗin asali ya haura gigabait 5, ga sabuntawa da ke biyo baya kowane wata, a ƙasar da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wanda ya tayar da janareto da mai mai tsada, ga mutum biyar a kan benci suna jira, idan kwamfuta ta tsaya tana cewa a dakata tana sabunta kanta, kuɗinsa ne ke ƙonewa. Shi ya sa binciken ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018, da ya ƙiyasta kusan kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi, bai ba kowa mamaki ba.

Sauƙin nauyin gaskiya ne. Abin dubawa shi ne da me aka saye shi. Cikin abubuwan farko da yawancin masu rage nauyi ke kashewa ko cirewa akwai Defender, mai gadin da Microsoft ya haɗo da Windows, da kuma hanyar sabuntawa. Dalilinsu biyu ne: suna cin ƙwaƙwalwa, kuma idan an bar su za su kama kayan fashin lasisin da aka dasa. Mutane da yawa suna ɗaukar sabuntawa a matsayin ƙarin kwalliya da ba su nema ba. Mafi yawanta toshe ɓaraka ce. Kowane wata, a Talata ta biyu, Microsoft na fitar da gyaran ramukan da aka gano, kuma da zarar gyaran ya fito, ɓarayin intanet ma sun san inda ramin yake, sai su bazama neman injinan da ba su toshe ba. Abin da ya faru ke nan a ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin likita na marasa lafiya kusan dubu 19. Gyaran wannan rami ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora shi ba. Kwamfutar da aka cire mata hanyar sabuntawa gaba ɗaya, a wannan hali za ta zauna har ta mutu, kuma kowane wata ramukanta ƙaruwa suke.

Wannan ɓangaren abin da aka cire ke nan. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da aka ƙara.

A watan Yunin 2023, kamfanin tsaro na Doctor Web ya bayyana cewa ya gano wasu fayilolin Windows 10 na fashi da ake rabawa a intanet, waɗanda aka dasa wa ɓarawo tun daga ciki. Da an gama girkawa, ɓarawon kan kwafi kansa zuwa wani ɗan sashe na ma'aji mai suna EFI, inda kwamfuta ke fara tashi, wurin da yawancin manhajojin kariya ba sa leƙawa. Aikinsa guda ne. Yana jira mai kwamfuta ya kwafi lambar asusun kuɗin kirifto don ya aika kuɗi, sai ya musanya ta da lambar masu shi kafin a manna. Lambobin dogaye ne, ba mai karanta su harafi da harafi. Doctor Web ya ƙiyasta an kwashe kusan dala dubu 19 ta wannan hanya. Wani zai ce shi ba ya harkar kirifto. Matasan Kano da yawa suna yi, kuma abin da ke iya ganin duk abin da ka kwafa yana iya ganin lambar sirrin imel ɗinka da ta banki.

Wata shida kafin nan, a Disamban 2022, kamfanin Mandiant ya ba da rahoton wani abu da ya fi wannan zurfi. An haɗa Windows 10 cikin harshen Yukiren, aka watsa a wuraren da mutanen ƙasar ke sauke kayan fashi, aka jira. Wasu ma'aikata suka sauke suka ɗora a kwamfutocin hukumomin gwamnati, masu harin kuma suka zaɓi injinan da suke so suka fara jan bayanai. Abin lura a rahoton shi ne siffofin fayil ɗin: an toshe sabuntawa, an toshe aika bayanai zuwa Microsoft, an kashe binciken lasisi. Siffofin da ake tallata Windows mara nauyi da su ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Daga waje ba yadda za a yi ka bambanta wanda aka rage don a taimake ka da wanda aka rage don a shiga gidanka. Haka ma ɗan kayan da ake fasa lasisi da shi, KMSPico, wanda ke yaudarar Windows ya ɗauka yana cikin wani babban kamfani mai lasisin jimla: a ƙarshen 2021 kamfanin Red Canary ya nuna yadda ake rarraba shi haɗe da Cryptbot, mai satar lambobin sirri daga burauza.

Amsar da aka saba ji a shago ita ce, "Ai na sa mata antibairos." Manhajar kariya a kan Windows take zama, ta bakinsa take ji, da idonsa take gani. Idan shi ne aka gurɓata tun daga tushe, abin da ya ga dama zai nuna mata. Lamarin kamar maganin da aka juye daga kwalinsa aka ƙulla a leda ne ana sayarwa a bakin tasha. Mai yiwuwa na gaske ne, mai yiwuwa ma ya yi maka aiki jiya, amma ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, kuma mai tallan bai san abin da ke ciki ba balle kai.

A manyan birane, inda mutum ke da kwamfutarsa shi kaɗai, ana iya cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, waɗanda su biyu ne ke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye tun dokar masarautu ta 2024, lissafin dabam yake. Kwamfuta ɗaya a shago tana yi wa unguwa guda aiki, wani lokaci har da ƙauyukan kewaye. Ta cikinta hoton fasfo ke bi, da takardar haihuwa, da shaidar ɗan ƙaramar hukuma, da lambar NIN da BVN ta manomin rake da ya zo cike fom ɗin tallafi ko bashin taki. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, tun 2021 kuma ba a rajista sai da NIN, don haka ɗalibi ba shi da makawa sai ya ratsa wani shago, ko don buga takardar shiga jarrabawa ko duba sakamako ko neman gurbi, kuma yakan buɗe imel ɗinsa a wurin ya shigar da lambar sirri. A Kusalla, cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yake. Duk zango matasa daga kowace kusurwa ta Najeriya na sauka da takardun kammala karatu da bayanan banki, suna neman inda za a buga musu ko a kwafa. Duk waɗannan mutane ba su zaɓi Windows ɗin da ke kan injin ba, ba su ma san akwai zaɓi ba. Mai shago ne ya samu sauƙin nauyi, su kuma suka ɗauki kasadar. A ganina nan ne zancen ya tashi daga na fasaha ya koma na amana. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ma ta ɗora wa duk mai sarrafa bayanan wasu nauyin tsare su, ba ta ware ƙaramin shago ba.

Akwai kuma ƙananan asarori da ba a danganta su da tushensu. Wanda ya rage Windows a wata ƙasa mai nisa, da masu wasan gem yake tunani, ba da mai buga takardar gayyatar ɗaurin aure ba. A wasu fayilolin an kashe sashen da ke kula da firinta, sai a yi ta zargin firintar. A wasu an zubar da harsuna da salon rubutu da ya ga ba ya buƙata. Windows na asali yana da allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, yana kuma rubuta Larabci daga dama zuwa hagu ba tare da wahala ba. Idan an kwashe waɗannan, malamin Islamiyya da ya kawo tambayoyin jarrabawa a buga masa zai koma rubuta su da hannu, takardar Hausa kuma ta fito ba lanƙwasa.

Masu waya kada su ɗauka maganar ta wuce su, domin a garuruwanmu wayar ta fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba. Idan waya ta rikice aka kai ta a yi mata filashin, fayil ɗin da ake ɗora mata shi ma daga wani wuri ya fito, kuma ba kullum daga kamfanin wayar ba. GBWhatsApp da 'yan uwansa, da ake turawa juna ta Xender saboda suna ɓoye cewa mutum ya karanta saƙo ko suna nuna wanda aka goge, su ma gyararrun kaya ne marasa mai tsaya musu. A Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya samu cutar Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonnin tes da yi wa mutum rajistar abubuwan biya bai sani ba. A wayar da lambar tabbatarwa ta banki ke shigowa ta tes, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk mai rage Windows ne ɓarawo ba. Wanda ya yi Tiny11, da aka sani da laƙabin NTDEV, daga baya ya wallafa umarnin da yake amfani da shi a fili, don kowa ya sauko da fayil ɗin asali daga Microsoft ya rage da kansa. Masu AtlasOS da ReviOS su ma sun koma wannan tsari. Wannan ya fi aminci ƙwarai, domin masana na iya karanta abin da ake cirewa layi bayan layi. Sai dai abin da ke cikin filashin da ya bi hannu goma ba shi ne wannan ba. Suna kawai yake ɗauke da shi, kuma kowa na iya rubuta kowane suna a kan fayil. Ko shafin asali ma ba a rufe ido a kansa. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 aka kutsa shafin babbar manhajar Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil, har sai da jagoran aikin, Clement Lefebvre, ya fito ya sanar. Saboda irin wannan ne masu manhaja ke wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA-256 tare da fayil. Kwamfuta na lissafa ta daga abin da ke cikin fayil ɗin, ko ɗigo aka taɓa sai ta canza. Microsoft na wallafa tasa a shafin sauke Windows 11, kuma gwada ta aikin 'yan mintoci ne. Gyararren fayil ba shi da lambar da za a gwada shi da ita sai wadda mai gyaran ya bayar da kansa.

Batun haƙƙin mallaka ba zan tsawaita a kansa ba. Dokar Najeriya ta haramta kwafar manhaja ba izini, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da wallafa abin kiyayewa ne a shari'a. Na sani wannan hujja ba ta cika motsa wanda ke neman na cefane ba. Abin da ya fi amfani a gaya masa shi ne, sau da yawa fashin ma ba a buƙatarsa.

Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna dasa lasisin a cikin allon injin kansa. Kwamfutar gwanjo da ta fito daga ofis a Turai akwai kyakkyawan zaton tana ɗauke da halastaccen lasisinta. Idan aka ɗora mata Windows na asali irin wanda ta zo da shi, Home ko Pro, aka haɗa ta da intanet, da kanta take kunna lasisin. Ke nan ana goge abin da aka riga aka biya a ɗora na sata a kansa, don kawai shi ne a filashi. Ko babu lasisin ma, Windows na asali da ba a kunna ba yana aiki yana kuma karɓar gyaran tsaro. Ɗan rubutu ne zai zauna a kusurwar allo, ya hana ka sauya wasu kayan ado. Kuɗin data kuma sau ɗaya ne. Mutum guda ya sauke fayil ɗin asali inda sabis ke da ƙarfi, ya gwada lambarsa, masu gyara na gari guda su kwafa daga gare shi. Hanyar da gurɓataccen ke bi daga hannu zuwa hannu, ita mai kyau zai bi. Manhajar Rufus, wadda masu gyara suka riga suka sani wajen shirya filashi, tana iya tsallake sharaɗin TPM a kan fayil ɗin asali ba tare da ta cire Defender ba, ko da yake Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan injin ba. Nauyin da ake kuka da shi kuwa, kaso mai yawa daga tsohon ma'aji mai juyawa yake zuwa. Sauya shi da ƙaramin SSD da ƙara ƙwaƙwalwa zuwa gigabait 8 yana tayar da tsohuwar kwamfuta fiye da duk wani rage-rage.

Lokaci ma ya riga ya yi. Tallafin XP ya ƙare a Afrilun 2014, na Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adin da aka ba wanda ya yi rajistar shirin tsawaitawa. Injinan da ba za su iya hawa 11 ba suna da yawa a shagunanmu da makarantunmu, kuma masu tallan Superlite za su samu kasuwa fiye da da. Ga injin da aikinsa shiga intanet ne da cike fom da buga wasiƙa, Linux Mint kyauta ne, halas ne, mara nauyi ne, yana zuwa da LibreOffice, yana kuma karɓar gyaran tsaro. Cikas ɗinsa a shagon buga takardu sananne ne: CorelDraw ba ya aiki a kansa, kuma da Corel ake zana kati da kalanda da fosta. Mai shagon da ke da inji biyu yana iya raba musu aiki. Tsohon da ke ɗauke da Corel a cire shi daga intanet ɗungurungum, ya tsaya kan zane da bugu, a kuma kula da filashin da ake soka masa. Ɗayan, mai manhaja ta asali da ke sabunta kanta, shi kaɗai za a riƙa buɗe imel ɗin mutane a kai da shigar da NIN ɗinsu, a kuma goge takardunsu daga kansa idan an tashi aiki da yamma.